Faifai Hamsin Tsakanina da Yaya

Yaya ne ya kawo shawarar, kuma da gatse ya kawo ta. Muna cikin wata doguwar tafiya a mota, yana tuƙi, ni kuma wayar da ke ba mu kiɗa tana hannuna. Kafin mu yi rabin awa na canza waƙa ta fi goma. Da na ji amshi sau ɗaya sai in danna ta gaba. Ya yi ta haƙuri har ya gaji, sannan ya ce, "Auta, kai ba sauraro kake yi ba, leƙe kake. Yaushe rabonka da ka ji faifai guda tun daga farkonsa har ƙarshe?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tarar ba ni da ita.

Kafin mu sauka mun gama yanke sharuɗɗa. Faifai 50, ɗaya a kowane mako. Wannan makon shi zai zaɓa, mai zuwa ni. Dole faifan ya kai shekara 25 da fitowa, don a tabbatar zamani ya gwada shi bai mutu ba. Kowa zai saurara sau biyu, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, ba tsallake, ba hargitsa jeri, ba haɗa shi da wani aiki. Ba a karanta komai a kansa sai bayan sauraron farko. Ranar Lahadi ƙarfe 9 na dare kowa ya tura makinsa cikin 10 a lokaci guda, don kada wani ya leƙa na wani ya gyara nasa, sai saƙon murya ya biyo baya wanda bai wuce minti uku ba. Wannan sharaɗin na minti uku Yaya ne ya kafa shi, shi ne kuma ya fara karya shi tun a mako na biyu.

Da farko mun so mu ɗauki jerin da mujallar Rolling Stone ta fitar na faya-fayai 500 mu bi shi daga sama. Abin da ya hana mu shi ne da muka ɗora jerin 2003 kusa da na 2020. A na 2003, Sgt. Pepper na Beatles ne na ɗaya, kuma cikin goman farko huɗu duk nasu ne. A na 2020 ya sauko zuwa na 24, What's Going On na Marvin Gaye, wanda a da yake na shida, ya haye sama. Faya-fayan suna nan yadda suke, masu jefa ƙuri'ar ne suka sauya. Muka ce tun da haka ne, jerin ya zama wurin da za mu riƙa leƙawa in zaɓi ya ƙure mana, amma ba shi zai yi mana hukunci ba.

Makon farko Yaya ya aiko da Kind of Blue na Miles Davis, na 1959. Na tabbata da gangan ya yi. Kiɗa biyar ne a ciki, kusan minti 45, babu bakin da ya furta kalma ko ɗaya. Ni kuwa mutum ne mai bin murya da baiti, in babu mai rerawa sai in ji kamar an gayyace ni taro an manta da mai jawabi. Na sa abin sauraro a kunne na kwanta. Abin da na iya tunawa shi ne fiyano da bes mai kaurin sauti suna raɗa a farko, sai busar ƙaho, sai na farka na tarar wayar ta daɗe da yin shiru. Karo na biyu na zauna a kujera don kada barci ya sake sace ni, na kai ƙarshe da ƙyar, na ba shi 3. Yaya ya ba shi 10.

A saƙonsa ya yi ta yabon yadda masu busa saksofon biyu, John Coltrane da Cannonball Adderley, suke da hali daban, ɗaya mai zurfafa bincike kamar yana neman abin da ya ɓace masa, ɗayan mai fara'a da sakin jiki. Na ce, "Yaya, wane biyu? Ni ɗaya na ji sosai, ɗayan kamar daga maƙwabta yake busawa." Ya yi dariya har da tari. Ashe abin sauraron nawa ɓangare ɗaya ya daɗe da mutuwa, ni kuma na saba da shi haka, don waƙoƙin yanzu murya a tsakiya take, ba ka rasa komai. A wannan faifan kuwa an raba su ne, ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a na dama. Rabin mutanen kawai na saurara na yanke wa duka hukunci. Na nemi a soke makin, ya ce alƙalami ya bushe.

Na sayi sabon abin sauraro, amma matsalar ba a nan ta tsaya ba. Babban abin da ya ba ni wuya a watan farko shi ne zama. Minti 40 ba wani lokaci ba ne, nakan ƙona fiye da haka ina jan allon waya sama da ƙasa ban sani ba. Amma ka zauna hannunka ba komai, idonka ba ya kallon komai, sai ka ga yatsa yana ƙaiƙayi. Na kama kaina sau da yawa na ɗauki wayar don in duba saura minti nawa, daga nan sai in ga saƙo, daga saƙo sai in farga waƙa biyu sun wuce ban ji su ba. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in haɗa wayar da sifika, in ajiye ta can nesa inda sai na tashi zan kai gare ta, in kashe fitila. Lalaci ya zama mai gadina.

A mako na takwas ne muka gano abin da ya sauya yadda muke sauraro gaba ɗaya. Na zaɓi Abbey Road na Beatles, na 1969. A tsakiyarsa akwai wata doguwar waƙa mai nauyi da take ta maimaita abu ɗaya, ƙara tana ta hauhawa, sai kawai ta yanke kamar an ɗauke wuta. Nan take wata mai taushi da haske ta shigo. Na ɗauka wayata ce ta yi tsalle, har na mayar baya don in tabbatar. Yaya ya ce ba waya ba ce, ƙarshen fuska ta ɗaya ke nan. A zamanin garmaho, idan waƙar ta yanke, shiru ne zai biyo baya, sai ka tashi ka ɗaga allura, ka juya faifan, ka sake ɗora ta. Waccan mai hasken ba a yi ta don ta faɗo a kan wannan ba, an yi ta ne don ta tarbe ka bayan shiru.

Wannan ya sa na koma na bi tarihin abin da kansa. Tsofaffin faya-fayan da ke juyawa sau 78 a minti ba sa ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a fuska ɗaya, don haka doguwar waƙa sai a raba ta a faya-fayai da dama a zuba su cikin wani abu mai kama da littafin adana hotuna, daga nan sunan albam ya samo asali. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyawa a hankali, sau 33 da sulusi a minti, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai. Wannan iyakar ce ta tsara kusan duk abin da muke saurara. Mawaƙi yana da farko biyu da ƙarshe biyu, dole ya yi tunanin wace waƙa za ta buɗe, wace za ta rufe, sau biyu. Da faifan CD ya zo a 1982 da wurin minti 74, sai tsakiyar ta ɓace, kuma a ganina daga nan ne faya-fayai suka fara teɓa, ana cusa waƙoƙin da a da ba za su sami gurbi ba. Muka ƙara sharaɗi: kafin ka fara, ka duba inda fuska ta ɗaya ta ƙare, idan ka kai wurin ka tsayar da kiɗan, ka tashi ka zagaya ɗaki minti biyu, sannan ka dawo. Wannan kaɗai aka yarda a duba kafin sauraro.

Da wannan sharaɗin muka shiga Exodus na Bob Marley, na 1977, kuma nan ya nuna amfaninsa sosai. Fuskar farko ta gwagwarmaya ce da imani da ƙaura, ta biyu kusan duk soyayya ce da kwantar da hankali. In ka ji su a haɗe sai ka ce mutumin ya manta abin da ya fara. In ka huta a tsakiya sai ka ji kamar dare ne da safiya. Bayan sauraron farko na karanta cewa a Landan aka ɗauke shi, bayan an harbe shi a gidansa da ke Kingston a Disamban 1976 ya bar Jamaika. Na cika saƙona da wannan labarin da muryar Marley. Yaya bai ce komai a kan murya ba. Minti shida ya yi yana magana a kan jitar bes da ganga, yadda mai bes yake barin gurbi, ya yi shiru a inda kake jiran sa, ya shigo a inda ba ka zata ba. Ya ce, "Ka san wa da ƙane ne? Aston Barrett da Carlton Barrett. Wan ne ke riƙe da bes, ƙanen yana ta buge-buge. Haka duniya take." Na ce ai in babu mai buge-bugen, wan ba shi da inda zai jingina.

A nan na gane ba abu ɗaya muke ji ba ko da faifai ɗaya ne. Ni daga sama nake sauraro, murya, baiti, abin da ake faɗa. Shi daga ƙasa yake farawa, ya hau. Sai muka mayar da sauraro na biyu ya zama aro: bayan na farko, kowa ya aika wa ɗan'uwansa abu guda da zai bi. Ya ce mini in manta da mai rerawa in bi bes kaɗai daga farko har ƙarshe, ni kuma in ce masa ya bar ganga ya saurari inda muryar ta karye. Karon farko da na yi haka, na ji kamar na daɗe ina zaune a gida ban san akwai ɗaki a ƙasa ba.

What's Going On ne ya fi cin moriyar wannan. Waƙa tara, minti 35 ko kusa da haka, na 1971. Yana buɗewa da hayaniyar mutane suna gaisawa, kuma waƙoƙin fuskar farko ba sa tsayawa, kowace tana narkewa cikin ta gaba, ko ka so ka tsallake ba ka san inda za ka yanka ba. Yaya ya sa ni bin bes ɗin James Jamerson a waƙar farko, wanda shi ma kamar rerawa yake a ƙarƙashi. Ni kuma na sa shi ya lura cewa Marvin Gaye biyu ne ke waƙa, murya a kan murya, ɗaya yana faɗa ɗayan yana tayawa daga gefe. Mai kamfanin Motown, Berry Gordy, bai so a saki waƙar farkon ba tun asali, yana ganin maganar yaƙi da zanga-zanga ba za ta sayu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne labarin Frankie, ƙanen Marvin Gaye, wanda ya yi aikin soja a Biyetnam ya dawo yana ba shi labarin abin da ya gani, har aka gina ɓangaren faifan a kan idon mutumin da ya dawo gida ya tarar bai gane garin ba. Tsakanina da Yaya shekara tara ne, kuma kafin wannan abin, in mun yi waya ba ma wuce gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. A daren nan bayan saƙonnin, ya kira ni, muka yi awa ɗaya da rabi, rabin hirar ma ba ta kiɗa ba ce. Shi kaɗai ne faifan da mu biyu muka ba 10.

Sharaɗin hana karatu kafin sauraro shi ya fi jawo mana gardama, domin labari yana sauya maki. Rumours na Fleetwood Mac, na 1977, na ji shi a karon farko na ce kiɗa ne mai daɗi, sumul, na rediyo, na rubuta 6 a takarda. Sai na karanta cewa a lokacin da ake ɗaukarsa auren John da Christine McVie yana mutuwa, Stevie Nicks da Lindsey Buckingham su ma suna rabuwa, kuma kowa yana rubuta waƙa a kan ɗan'uwansa, sannan wanda aka yi wa habaicin shi zai tsaya ya yi amshi. Na koma na biyu na ji habaici ko'ina, na ba shi 8. Yaya ya ce wannan maguɗi ne, tsegumi na ba wa maki biyu ba kiɗa ba. Na ce labarin ne ya nuna mini inda zan sa kunne, abin da na ji kuwa yana cikin faifan tun can.

Bayan wata biyu ya faɗa ramin da ya haƙa. Graceland na Paul Simon, na 1986, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Johannesburg da mawaƙan Afirka ta Kudu a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar saboda mulkin wariyar launin fata. Yaya yana mutuwar son bes ɗin Bakithi Kumalo da muryoyin Ladysmith Black Mambazo, amma ya ba faifan 5, ya ce ba zai iya ware kiɗan daga karya ƙauracewar ba. Na ce, "Yaya, ashe labari yana cire maki, ƙarawa ce kawai ba ya yi?" Na kawo masa hujjar masu cewa faifan ya fitar da waɗannan mawaƙan ga duniya, har Miriam Makeba da Hugh Masekela, waɗanda mulkin ya raba da ƙasarsu, sun bi shi yawon wasa. Ya ce wannan bai goge cewa sunan mutum ɗaya ne a bangon faifan ba. Har yau ba mu daidaita ba. Abin da muka yi kawai shi ne muka fara rubuta maki biyu, na kafin karatu da na bayansa.

Wasu makonnin sun wuce ba ƙura. Thriller na Michael Jackson, na 1982, waƙa tara ne kuma bakwai daga ciki mun san su tun muna yara, sauraronsa ya zama kamar ziyarar dangi. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, da ke farawa da bugun zuciya ya ƙare da shi, a duhu ya fi daɗi, agogunan da ke kaɗawa a cikinsa sun sa na zabura daga kujera. Blue na Joni Mitchell ni na so shi, Yaya ya ce an hana shi ganga mako guda ba laifin komai. Buena Vista Social Club, da aka ɗauka a Habana a 1996 da dattawan mawaƙan Kiyuba, ba mu jin Sifaniyanci ko kaɗan amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Wajen faifai na 30 abin ya fara zama aiki. Mako ya zama kwana goma, kwana goma ya zama mako uku. Na zaɓi Songs in the Key of Life na Stevie Wonder ba tare da na duba tsawonsa ba, waƙa 21, sama da minti 100, a makon da Yaya yake cikin matsin aiki. Sau biyu ke nan, fiye da awa uku. Ya saurara, ya ba shi 9, bai ce uffan ba. Da makonsa ya zagayo sai ga Trout Mask Replica na Captain Beefheart, na 1969, da ɗan gajeren saƙo: "Auta, a sha kiɗa lafiya."

Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai taɓa ji ba. Ka ɗauka makaɗa huɗu ne kowa an rufe shi a ɗakinsa an ce ya kaɗa abin da ya ga dama, sannan wani mai maƙogwaro kamar zarto ya tsaya a tsakar gida yana ihu. Guda 28 ne a fuska huɗu, kusan minti 80. Abin da ya fi ba ni haushi da na karanta shi ne ba shirme ba ne, watanni suka kwashe a gida ɗaya suna bitar wannan hargitsin har kowa ya haddace nasa, Frank Zappa kuma ya kula da ɗaukarsa. Wato da gangan suka yi mini haka. Na ba shi 2. Yaya ya ba shi 6, kuma na tabbata huɗu daga ciki na jin daɗin ramuwa ne. Abin mamaki, wannan faifan ne ya dawo mana da kuzari, don mun yi mako biyu muna tura wa juna kwaikwayonsa da baki.

Wata 16 muka ɗauka maimakon mako 50. Zaɓin ƙarshe nawa ne bisa lissafi, amma na bar masa, kuma muka shirya mu ji shi a ɗaki ɗaya, karo na farko tun da muka fara. Na zata zai kawo wani abu mai girma da ya ɓoye. Sai ya kunna Kind of Blue. Na ce ai maimai ne, ya ce wancan karon rabi na ji, don haka ba a ƙirga shi ba.

Fiyano da bes suka yi raɗarsu. Wannan karon na ji bes ne ke yin tambaya, masu busa suna amsa masa da sauti biyu kacal. Wajen minti ɗaya da rabi mai ganga, Jimmy Cobb, ya daki farantin ƙarfe sau ɗaya, ƙarar ta bazu, ƙahon Miles ya shigo a kanta a hankali kamar mai tafiya ba ya sauri. Na ji saksofon na hagu, na ji na dama, kuma na gane wanne ne mai fara'ar ba tare da an gaya mini ba. Da fuskar farko ta ƙare, mu biyu muka miƙe a tare ba wanda ya yi wa wani magana, muka zagaya ɗakin, muka dawo muka zauna. Na ba shi 8. Ya ce saura biyu, na ce su sai nan gaba.

Yana tattara takardun makin ne na ga ya kamata in sauke nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Na ce, "Yaya, akwai maganar da ban gaya maka ba. Wancan na Beefheart, ban ji fuska ta huɗu ba. Duka karo biyun a ta uku na tsaya." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki biro ya soke 50 da ke saman takardata, ya rubuta 49 da kashi uku cikin huɗu. Ya jawo sifikar kusa da ni, ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce, "Gyara zama."